Jan Ƙyalle a Bujen Zenzi

Duk wanda ya san Larchach ya san Burgi Falkner, in bai san fuskarta ba to ya san bakinta. Mace ce 'yar firit, ba tsawo ba jiki, amma in ta buɗe baki a ƙofar coci har waɗanda ke can bayan maƙabarta sai sun ji. Abu biyu ta iya a duniya, kuma ba ta yarda akwai wanda ya fi ta a cikinsu ba: allura da katakon zamiya. Girki kuwa a bar maganar. Mijinta Serafin ya sha ƙonanniyar miya shekara da shekaru, bawan Allah bai taɓa kai ƙara ba.

A gidan gonar da ke can ƙarshen kwari aka haife ta, inda rana ke ɓuya bayan dutse tun farkon hunturu. Makaranta na ƙasa, gida na sama, don haka tun ba ta san hagu da dama ba ubanta ya ɗaura mata katako biyu a ƙafa ya tura ta gangara kan ƙanƙara. Ɗinki kuma a hannun uwarta ta koya, da duka a bayan hannu in zare ya karkace. Rigarta ta farko daga tsohuwar kwat ɗin uban aka fitar da ita: aka farke, aka juya ciki waje, aka yanka. Tun daga ranar har ta yi furfura, Burgi ba ta taɓa sa rigar kanti ba. In ta ga baƙin da ke cika mana gari da hunturu cikin kayansu na roba, sai ta taɓe baki ta ce, "Ji su don Allah, suna tafiya suna ƙara kamar leda."

Mu a Larchach mata suna da ranarsu. Lahadin ƙarshe kafin a tsayar da kujerun da waya ke ja zuwa kan dutse, matan gari kaf sai su hau can ƙololuwa, su gangaro a kan katako cikin dogon bujen ulu, wanda kowacce ta ɗinka da hannunta. Maza ba su da ta cewa, nasu su tsaya a ƙasa da ganga da ƙaho suna jira. Bujen baƙi ne ko shuɗi mai duhu, da siririn jan ƙyalle ta ciki a bakinsa, faɗin yatsa biyu, wanda ba a gani sai iska ta ɗaga. Saura mako guda kuma, bayan an fito coci, sai matan su taru a ɗakin baya na gidan baƙi, kowacce ta shimfiɗa bujenta a tebur, a ɗaga bakinsa a duba kalmasa. Nan ake sanin wadda ta ɗinka da wadda ta yi ha'inci da keken ɗinki. Nan ne kuma Burgi take sarautarta. Ta sha sa amare kuka a ɗakin nan, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Mutum ɗaya ce ba ta tsoron bakinta, Zenzi Gstrein. Tun a bencin makaranta suke tare, kuma tun a lokacin suke faɗa. Zenzi doguwa ce mai jiki, dariyarta ta fi ƙarfin ɗaki, ɗinkinta kuwa manya-manya, kai ka ce buhu take rufewa. A kan dutse ne take ramawa, don in ta sako nauyinta a gangara ba mai kama ta sai Burgi, ita ma ba kullum ba. Duk shekara su ke buɗe hanya, su iso ƙasa suna gardamar wa ta riga wa. Mijin Zenzi, Hias, mai busa ƙaho ne a makaɗan gari, kuma jar kwat ɗinsa ta makaɗa Burgi ce ta yi wa ramukan maɓalli, don ta ce ba za ta zuba ido Zenzi ta ɓata yadi mai kyau ba. Da Hias ya rasu, makaɗan suka zo neman kwat ɗin don wani ya gada, kamar yadda ake yi. Zenzi ta kore su da tsintsiya. Kwat ɗin na nan rataye a ɗakinta, duk bazara sai ta fito da ita ta kakkaɓe ta shanya ta mayar.

To, Burgi ta haura saba'in da ɗoriya abin ya same ta. Da farko kafar allura ce ta ɓace mata. Ta zagi masu ƙera allura, ta ce na yanzu ba su san aikinsu ba. Sai fuskokin mutane suka fara dusashewa: ta ga hula, ta ga kafaɗu, tsakiya kuwa kamar an shafa toka. Serafin ya lallaɓa ta ya kai ta wurin likitan ido a birni. Likita ya haska, ya duba, ya ce tsakiyar ganinta ne ke tafiya, za a iya rage masa gudu amma abin da ya tafi ya tafi. Ya ce ta bar hawa dutse.

A mota suna dawowa, da suka shigo kwari sai ta juyo gare shi.

"Kai tsoho," in ji Burgi, "in ka gaya wa wani mahaluki, na rantse sai ka ɗinka wa kanka wando har ka mutu."

"Haba Burgi. Ko Zenzi?"

"Ita ce ma ta farko da ba za ta ji ba. Ka ga bakina? To ka rufe naka."

Tsoro ne ya kama ta, ba wani abu ba, tsoro irin wanda ba ta taɓa ji a kan dutse ba. Ta san garinmu sarai. Ranar da aka ji, za a fara yi mata magana a hankali, a riƙe mata hannu a matakalar coci, a zaunar da ita a benci a ƙasa tare da maza da bargo a cinya, tana jin ƙaho yayin da mata ke gangarowa. Ta gwammace komai da wannan bencin. Ta ƙudurta a ranta za ta ɗinka bujenta na bana, kuma za ta sauko da shi daga ƙololuwa ko da shi ne na ƙarshe.

Haka suka yi hunturun nan. Da safe, in Serafin ya sha kofinsa, sai ya zauna bakin taga da tabarau a kan hanci yana zura mata allurai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana shafa wa wayar kujeru mai, yatsunsa kamar guntayen itace, ga shi yana kokawa da zare yana tsaki. In ya zura sai ya soke su a jere a jikin matashi. Ita kuma ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana ɗinki da lalube, babban yatsa na auna mata tazara.

"Baƙin zare ka sa?"

"Baƙi ne mana."

"Ka tabbata?"

"Ikon Allah! Ni da nake gani ake tambaya."

Shi ma dai idon nasa ba na saurayi ba ne, kuma ga Serafin baƙi da shuɗi mai duhu duk abu ɗaya ne.

Ranar duba kalmasa ta zo. Ɗakin baya ya cika da mata da ƙamshin kofi da ɗumin murhu. Burgi ta bi tebur tana shafa bakin buje ɗaya bayan ɗaya, ta kawar da kai gefe kamar mai ƙyamar kallo, alhali yatsunta ne ke yi mata aikin ido.

"Wannan na wace ce?"

"Nawa ne, Goggo Burgi," in ji wata amarya.

"Yarinya, kaza ce ta taka miki ko ke kika yi da kanki? Je ki warware daga nan zuwa nan."

Aka kwashe da dariya. Sai aka zo kan nata. Kamar kullum, Zenzi ce ta miƙa hannu ta ja shi gabanta, don shekara nawa tana neman kuskure ɗaya tak a ɗinkin Burgi ba ta samu ba. Ta ɗaga bakin bujen ta kai shi wajen hasken taga. Burgi ta tsaya ƙiƙam. Ba ta ganin fuskar Zenzi, hular gashinta kawai take gani da faɗin kafaɗunta. Zenzi ta daɗe tana jujjuya bakin bujen.

Abin da Zenzi ta gani, daga baya ne muka ji. Layin ɗinkin ya tafi daidai, ya karkace, ya dawo. A wani wuri baƙin zare ya ƙare, shuɗi ya ci gaba kusan taƙi guda, sannan baƙi ya dawo. Burgin da ta sani, da ta ga wannan a bujen wata, da sai an ji su a bakin titi.

"To?" in ji wata daga baya. "Miƙo mu gani mana."

"Ku ga me?" in ji Zenzi. "Abin haushin nan ne dai na kullum. Ko ɗigon kuskure babu." Ta ninke bujen, ta ɗora a kujera, ta zauna a kai daram. "Kujerun gidan nan sun fiye tauri. A zubo min kofi."

"Tashi min daga kan buje, giwa kawai!" in ji Burgi.

"Ba inda za ni, uwar iyayi. In ya yamutse kya goge."

Ba ta tashi ba har aka watse. Burgi ta koma gida tana murna, ta ce wa Serafin ta tsallake, ko Zenzi ba ta gane komai ba. Serafin ya dube ta ya ce, "Tebur kika tsallake. Dutsen fa?"

Ranar Lahadi gari ya waye da hazo. Ba iska, ba rana, sama fari ƙasa fari, irin ranar da ko mai lafiyar ido ba ya bambance tudu da rami. Serafin ya raka ta har wurin hawa kujeru, yana ɗauke da katakonta a kafaɗa.

"Burgi, ki bari sai baɗi."

"Baɗi da wane idon?"

Ya durƙusa ya ɗaure mata takalma, ya ja igiyar ya sake ja, ya daɗe a durƙushe fiye da yadda aikin ke buƙata.

Tun tana kan kujera, tana lilo a sama, ta san ta yi ganganci. Ta dogara ne da cewa ta haddace dutsen nan kamar tsakar ɗakinta, ga kuma rana da za ta zana mata inuwa. Ranar ba ta fito ba. Da ta sauka a ƙololuwa sai ta ji ta kamar a cikin ƙwaryar nono. Can ga wasu baƙaƙen abubuwa tsaye, amma ko mata ne cikin buje, ko itatuwa ne, ko duwatsun bakin rami, oho. Ta ji muryoyi, ta ji ana gyara sandunan zamiya. Kowa na jiran ta buɗe hanya. Abu biyu ne ya rage mata: ta faɗa cikin farin nan da ba ta san ƙarshensa ba, ko ta buɗe baki a gaban matan gari ta ce ba ta gani, a mayar da ita ƙasa a kujera kamar buhun dankali.

Sai ta ji an fashe da dariya ta bayanta, ana tafi.

"Tabɗi! Inna Zenzi, yau kuma bikin wa ake yi?"

"Wannan ai sai shanu su biyo ki!"

Burgi ta juya. Wani jan abu ne ke tahowa cikin hazon, ja wur, yana rangaji. Zenzi ce. Ta ɗinka jan ƙyalle a bayan bujenta, ta waje, tun daga baki har kusan ƙugu.

"Ke Zenzi!" Bakin Burgi ya riga tunaninta. "Kin haukace ne? Ja ta ciki ake sa shi, yatsa biyu! Wane irin abin kunya ne wannan, tun daga can na hango..."

Maganar ta maƙale. Tun daga can ta hango. Rabonta da ta hango wani abu tun daga can, har ta manta.

Zenzi ta matso dab da ita tana haki, ta daki ƙanƙara da sanda. "Ke dai ba kya rabo da surutu. Saurara, 'yar tsurut. Gwiwar nan tawa ta hana ni barci duk makon nan. Yau ba tsere, a hankali zan sauka, kuma ni ce a gaba. Ki bi bayana kurkusa, in na faɗi ki tashe ni. Kada ki kuskura ki wuce ni."

"In tashe ki? Da wane ƙarfin?"

"Ki nemo. Mu je."

Jan ya juya ya fara gangara. Burgi ta cije leɓe ta bi shi.

Kwanar farko ta yi ta a sandare, kamar ranar da ubanta ya fara tura ta. Jan ya karkata hagu, ta karkata. Ya nutse, ta lanƙwasa gwiwa, sai ga ramin ya zo ya wuce a ƙarƙashinta. Ya yi dama, ta yi dama. Zenzi kuwa bakinta bai huta ba, tana tafe tana kururuwa: "Wayyo gwiwata! Wayyo tsufa bai yi ba! Kina nan, uwar iyayi?" Ko da hazo ya yi kauri jan ya dusashe, muryar na nan gaba kaɗan. Matar da ta saba faɗowa daga dutsen nan kamar an jefo dutse, yau ga ta tana yanka kwana manya-manya, tana jan ƙafa. Sauran matan suka jeru a baya, ba wadda ta wuce. Ko sun gane ko ba su gane ba, har yau ba wadda ta faɗa.

Wajen tsakiyar dutse, inda hanya ke faɗaɗa kafin a shiga itatuwa, jikin Burgi ya tuna abin da ya sani. Ƙugunta ya saki. Iska ta cika mata buje, sanyi ya daki haƙoranta, ta ji katakon na shiii a ƙarƙashinta. Daɗi ya kama ta, daɗi na gaske, har ta ji hawaye na daskarewa a gefen idonta.

"Ƙara wuta mana!" ta ƙwala. "Jana'iza muke zuwa?"

"Au, haka ne? To riƙe bujenki!"

Jan ya ƙara gudu, ba da yawa ba, daidai yadda za ta iya. Suka ratsa itatuwa, baƙaƙe ta hagu baƙaƙe ta dama, ita dai idonta na kan abu ɗaya. Can ta fara jin ganga, sannan ƙaho, sannan ihun maza. Ƙasa ta baje. Jan ya tsaya cak, Burgi ta zo ta yi karo da shi, ta rungume shi don kada ta faɗi.

Mutane suka kewaye su ana tafi. Wani ya miƙo musu shayi mai zafi. Ta ji hannun Serafin a kafaɗarta. Ita kuwa hannunta na riƙe da bayan bujen Zenzi, kuma yatsun da suka saba ba sa zama haka kawai. Suka fara bin ɗinkin. Manya-manya ne kamar kullum, an yi su cikin gaggawa. Ƙyallen ba ɗaya ba ne, gutsattsari ne aka harhaɗa, ulu mai kauri mai laushi, irin wanda ba a sayarwa a kantin garinmu. Sai babban yatsanta ya faɗa cikin wani ɗan rami mai dajiya a gefe. Ta matsa ƙasa kaɗan, ga wani. Ga wani kuma. Ta san ɗinkin ramukan nan, ƙanana, a matse, da ɗan ƙulli a kusurwa. Ba wanda ke yin su haka a kwarin nan sai ita.

"Zenzi," ta ce, muryarta ta yi ƙasa yadda ba mu taɓa ji ba. "Kwat ɗin Hias ce."

"To, sai me?"

"Kin sa mata almakashi."

"Duk gidana na birkice, ba wani ja mai kyau sai ita. Yatsa biyu zai ishe ki ne a wannan hazon?" Zenzi ta ja hanci da ƙarfi. "Da ma asu ya fara cinta. Hias kuma can inda yake ba busa yake yi ba."

Ƙarya take yi, ba asun da ya taɓa kwat ɗin, Burgi ta ji da yatsunta. Ta tsaya riƙe da ƙyallen da hannu biyu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da na ga shuɗin zare. Ki gaya wa tsohon nan naki ya je a duba nasa idon shi ma."

Serafin ya yi tari ya kalli wani wuri.

"Na gode," in ji Burgi. Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, yadda na kusa duk suka ji. "Na gode, Zenzi. Allah ya saka miki. Ba ni da abin da zan biya ki."

"Sakar min buje, mutane na kallo."

Ba ta saka ba. Ta sake bin ɗinkin da yatsa tun daga sama har ƙasa, tana share fuska da kafaɗa.

"Gobe ki kawo min shi gida," ta ce. "Ba za a bar kwat ɗin Hias da wannan ɗinkin buhun ba. Zan warware in sake miki da kyau, don baɗi ma shi za ki sa."

"Da wane zaren?" in ji Zenzi.

"Ja. Ke za ki zura min."